FAGIN: YADDA SUNAN MUGUN TAURARO YA ZAMA SUNAN MAI KOYA WA YARA SATA

Gabatarwa

Akan sami tauraro a cikin ƙagaggen labari wanda yakan fice daga littafin da aka haife shi a ciki, ya shiga bakin jama'a, har wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya riƙa ambaton sunansa a cikin zancen yau da kullum. Idan haka ta faru, sai mu ce keɓantaccen suna ya rikiɗe ya zama suna gama-gari. Wannan al'amari ya shafi ɗalibin adabi kamar yadda ya shafi ɗalibin harshe, domin a nan ne fannonin biyu suke haɗuwa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun suna guda, watau Fagin, wanda ake furtawa Fegin, tun daga littafin Oliver Twist na Charles Dickens har zuwa ƙamus ɗin Ingilishi, inda ma'anarsa ta zama babban mutum mai koya wa yara aikata laifi, musamman sata. Bayan haka za mu waiwayo gida, mu duba dalilin da ya sa adabin Hausa, ko da yake yana da tauraro mai irin wannan hali, bai ba harshenmu irin wannan kalma ba. Daga ƙarshe za mu auna abin da rashin kalmar yake jawo mana, musamman a yankin kudancin Jihar Katsina.

Littafin da Zamaninsa

An haifi Charles Dickens a shekarar 1812, ya rasu a 1870. Ya fara buga Oliver Twist kashi-kashi a wata mujalla mai fitowa wata-wata, mai suna Bentley's Miscellany, daga watan Fabrairu na 1837 zuwa watan Afrilu na 1839, an kuma fitar da shi a matsayin littafi a 1838. Shekara uku kafin ya fara, watau a 1834, majalisar Ingila ta yi wa dokar matalauta gyaran fuska, inda aka tsananta zaman gidajen da ake tara marasa galihu ana sa su aiki a bakin abincinsu. An mai da zaman gidajen mai ɗaci da gangan, don kada kowa ya nemi shiga sai wanda ya rasa yadda zai yi.

A irin wannan gida aka haifi Oliver, uwarsa kuma ta cika nan take. Ya tashi cikin yunwa, ranar da ya roƙi ƙarin kunu sai hukumar gidan ta ɗauke shi a matsayin mai tayar da ƙayar baya. Aka miƙa shi ga wani mai sana'ar binne gawa, can ma wuya ta ishe shi, ya gudu ya nufi Landan a ƙasa. A kan hanya ya gamu da wani yaro tsaransa, Jack Dawkins, gwanin sane, wanda ya saya masa abinci, ya kuma ce zai kai shi wurin wani dattijo mai ba da masauki kyauta. Dattijon nan shi ne Fagin.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan tsari, domin a kansa jigon littafin ya dogara. Kafin Oliver ya isa hannun Fagin, hukuma ta riga ta horar da shi da yunwa, ubangidansa na halal ya riga ya horar da shi da duka. Mutum na farko da ya tarbe shi da fara'a da abinci mai zafi a birnin Landan shi ne wanda yake shirin hallaka rayuwarsa.

Makarantar Fagin

Fagin ba ya fita sata da kansa. Shi ne abin da Bahaushe yake kira ɓarawon zaune, watau mai karɓar kayan sata ya sayar. Amma abin da ya bambanta shi da sauran ɓarayin zaune shi ne makarantar da ya kafa a ɗakinsa, a wata unguwar talakawa ta Landan. Idan muka nazarci littafin da kyau za mu ga makarantar tana da matakai kamar kowace makaranta.

Matakin farko shi ne ciyarwa da tattali. Yakan kira yaran da kalmomi masu taushi, ya ba su abinci da wurin kwana, har da giya da taba. Mataki na biyu shi ne ƙaramin aiki wanda yaro ba zai ga laifinsa ba: an sa Oliver ya riƙa warware zaren sunayen da aka ɗinka a jikin hankici, bai san na sata ba ne. Mataki na uku shi ne wasa. Tsohon yakan cusa agogo da batta da hankici a aljifansa, ya riƙa kai da kawowa a ɗaki kamar attajiri mai kallon kantuna, yaran kuma su bi shi su zare kayan ba tare da ya ji ba. Oliver ya yi ta dariya har da hawaye, yana tsammanin raha ce kurum. Mataki na huɗu shi ne fita da manyan ɗalibai domin ganin aiki a aikace. Akwai ma lokacin da Fagin ya bar masa littafin tarihin ƙasurguman masu laifi ya karanta.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muni, shi ne ɗaurewa. Fagin ya san cewa da zarar yaro ya sa hannu a babban laifi sau ɗaya, zai ga kansa a matsayin ɓarawo, ya kuma ji tsoron hukuma fiye da yadda yake tsoron ubangidansa. Shi ya sa ya haɗa Oliver da Bill Sikes, wani ɗan fashi marar imani, don su je fasa wani gida da dare. Haka kuma idan wani daga cikin mutanensa ya san asirinsa da yawa, Fagin ba ya jin nauyin barinsa ya faɗa hannun hukuma a rataye shi, tun da gawa ba ta ba da shaida.

Akwai wani hannu kuma a bayan Fagin. Wani mai suna Monks, wanda uba ɗaya suke da Oliver, shi ya biya Fagin don ya mai da yaron ɓarawo, saboda wasiyyar mahaifinsu ta ce yaron zai ci gado ne kawai idan bai ɓata sunansa da wani abin kunya ba tun yana ƙarami. Mu riƙe wannan batu, za mu sake komawa kansa idan mun zo ga adabin Hausa. A ƙarshen labarin an yanke wa Fagin hukuncin rataya a kurkukun Newgate, an kori Jack Dawkins zuwa Ostireliya, ɗaya daga cikin yaran kuwa, Charley Bates, ya tuba ya koma ƙauye ya zama makiyayi.

Asalin Sunan

Wani abin mamaki shi ne ainihin mai sunan mutumin kirki ne. A shekarar 1824 an ɗaure mahaifin Dickens a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma Dickens, yana da shekara 12, aka sa shi aiki a wata masana'antar man goge takalma. A can ya gamu da wani yaro da ya girme shi, Bob Fagin, wanda ya koya masa yadda ake naɗe kwalabe da ɗaure su, ya kuma yi jinyarsa ranar da ciwo ya kama shi a bakin aiki. Dickens ya ɓoye wannan zamani na rayuwarsa saboda kunya, sai bayan rasuwarsa abokinsa John Forster ya bayyana shi a cikin tarihin da ya rubuta. Ke nan Fagin na gaskiya ma malami ne, sai dai sana'ar halal ya koyar. Marubucin ya ɗauki sunan wanda ya kyautata masa a lokacin da ya fi ƙi a rayuwarsa, ya liƙa wa mugun tauraronsa.

Game da halin tauraron kuwa, manazarta da yawa suna danganta shi da wani shahararren ɓarawon zaune na Landan, Ikey Solomon, wanda aka yi wa shari'a a kotun Old Bailey a 1830, aka kuma kore shi zuwa tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya. Shari'arsa ta yi tashe ƙwarai a jaridun lokacin.

Yadda Sunan Ya Shiga Ƙamus

A zamanin Dickens, ɓarayin Landan suna da kalmarsu ta sara da suke kiran mai tara yara yana koya musu sane, ita ce kidsman. Wannan kalma ba ta fita daga da'irar ɓarayi da 'yan sanda ba, yau kuma kusan ta mutu. Sunan Fagin ne ya maye gurbinta, har ya kai ana jam'inta shi, wani lokaci a rubuta shi da ƙaramin baƙi kamar kowane suna gama-gari. A ganinmu dalilai huɗu ne suka haɗu suka ba shi wannan nasara.

Na farko, akwai giɓi a cikin harshen jama'a. Mutanen gari suna ganin yara 'yan sane a tituna, sun kuma san akwai manya a bayansu, amma ba su da kalma guda da za su kira manyan nan da ita. Na biyu, sunan fanko ne, ba shi da wata ma'ana a Ingilishi, ba kuma sunan kowa da kowa ba ne, saboda haka duk ma'anar da aka zuba masa ta zauna daram. Na uku, tauraron yana da sana'a guda bayyananniya wadda aka nuna ta a cikin hoto mai wuyar mantawa, watau wasan hankici. Bill Sikes ya fi Fagin zubar da jini, amma sunansa bai zama kalma kamar haka ba, domin mai kisa yana da sunaye da yawa tun asali. Na huɗu shi ne maimaitawa. George Cruikshank ya zana hotunan littafin tun fitowarsa ta farko, gidajen wasan kwaikwayo suka ɗauki labarin tun kafin a gama buga shi, sa'an nan aka yi fim ɗin David Lean a 1948, da wasan waƙa na Lionel Bart a 1960, wanda aka mai da shi fim a 1968. Kowane zamani ya sake gamuwa da tsohon nan, har 'yan jarida suka saba da kiran duk wanda aka kama yana tura yara sata da wannan suna.

Ba Fagin kaɗai ya bi wannan hanya ba. Scrooge, wani tauraron Dickens na 1843, ya zama sunan marowaci a Ingilishi, kamar yadda Hatimu ya zama sunan mai kyauta a wurin Larabawa.

Tabon da Sunan Ya Ɗauko

Sai dai sunan bai shiga ƙamus da tsabta ba. Dickens ya yi Fagin Bayahude, a cikin babobi 38 na farko ya kira shi da sunan ƙabilarsa fiye da sau 250, alhali bai yi wa sauran miyagun littafin haka ba. Ya kuma sifanta shi da kamannin da Turawa suka daɗe suna yi wa Yahudawa ba'a da su. A shekarar 1863 wata Bayahudiya mai suna Eliza Davis, wadda mijinta ya karɓi gidan Dickens na Landan, ta rubuta masa wasiƙa tana cewa ya zalunci jama'arta. Da farko ya kare kansa, daga baya maganar ta shige shi. Ya ƙago wani Bayahude mutumin kirki mai suna Riah a littafinsa Our Mutual Friend, a bugun Oliver Twist na 1867 kuma ya cire ambaton ƙabilar daga wurare masu yawa a babobin ƙarshe.

Duk da haka tabon bai goge ba. Fim ɗin 1948 ya jawo zanga-zanga a birnin Balin a 1949, a Amurka kuwa ba a nuna shi ba sai 1951, bayan an yanke wasu sassa. Darasin da ke nan shi ne suna yakan ɗauki duk kayan da marubuci ya ɗora masa, na gaskiya da na son zuciya. Idan aka haɗa laifi da ƙabila a cikin tauraro guda, jama'a ba za su tsaya rarrabewa ba.

Sunaye da Suka Zama Kalmomi a Hausa

Harshen Hausa ba baƙo ba ne ga wannan hanya ta samar da kalmomi. Daga Fir'auna muka sami fir'aunanci, watau mulkin zalunci, ta hanyar ɗafa-ƙeya. Daga Shaiɗan muka sami shaiɗanci da shaiɗani. Idan aka ce wane ya zama Ƙaruna, kowa ya san dukiya ake nufi, irin wadda ba ta da albarka. Gizo na tatsuniya ya zama ma'aunin wayo da zamba. A tarihin kusa ma, laƙabin Muhammadu Marwa, wanda aka kashe a rikicin Kano na watan Disamba 1980, ya haifar da kalmar 'yan tatsine.

Abin lura a nan shi ne duk waɗannan sunaye daga Alƙur'ani da wa'azi suka fito, ko daga tatsuniya, ko daga abin da ya faru a idon jama'a. Da wuya a nuna suna guda daga ƙagaggun labaran boko wanda ya shiga harshe ya zauna kamar su. Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja sananne ne ga duk wanda ya yi makarantar firamare a Arewa, amma tauraro ya tsaya, bai zama kalma ba.

Alhali kuwa muna da labarin da ya yi kama da na Dickens ƙwarai. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, yana cikin littattafai biyar na farko da aka buga a Zariya bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933. A cikinsa attajiri Malam Shaihu, wanda bai sami haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu, budurwar wani saurayi Abubakar. Abubakar ya ƙudura ɗaukar fansa, bai kuwa nufi attajirin kai tsaye ba, sai ya sha wahala ya nemo asirin da zai lalata ɗan da aka haifa, watau Kyauta. Yaron ya tashi da sata, ya bar gida, ya haɗu da wani riƙaƙƙen ɓarawo, Dogon Yaro, wanda ya ƙara gogar da shi a cikin sana'ar. Ƙarshen al'amari, Kyauta ya kashe mahaifinsa a wurin sata, bai san shi ba ne.

Idan muka jera labaran biyu za mu ga Abubakar yana matsayin Monks, mai son a ɓata yaro don biyan bukatar kansa, Dogon Yaro kuma yana matsayin Fagin. To, me ya hana a riƙa ce wa mai koya wa yara sata dogon yaro?

Dalili na farko shi ne sunan cike yake tun kafin a ba tauraron. Dogon yaro sifa ce da ake yi wa kowane saurayi mai tsawo, kuma suna ne na bishiyar darbejiya. Ƙwaryar da ke cike ba ta karɓar ƙari. Wannan ɗabi'a ce ta marubutanmu na farko, waɗanda suka gaji tatsuniya: sukan ba mugu muƙami ko sifa maimakon sunan yanka. Babban mugun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, alal misali, Waziri ne kurum. Dalili na biyu shi ne a Jiki Magayi tushen lalacewar yaron asiri ne, tare da shagwaɓar ɗan da aka daɗe ana nema. Da asiri ya ɗauki nauyin laifin, sai koyarwa ta zama abu na biyu, ba a tsaya an nuna mana ita daki-daki ba kamar yadda aka nuna wasan hankici. Dalili na uku shi ne ƙarancin masu karatun boko a lokacin da littafin ya fito, da kuma rashin maimaita labarin a dandali da majigi zamani bayan zamani. Ko a Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, inda saurayin ƙauye ya shiga birni ya faɗa hannun miyagun abokai, hankalin mai karatu yana kan wanda aka ɓata ne fiye da waɗanda suka ɓata shi.

Giɓin da ke Cikin Harshenmu

Hausa tana da wadatar kalmomi a kan mai aikata laifi: ɓarawo, ɗan sane, ɗan fashi, ɗan daba, ɗan bindiga. Tana da ɓarawon zaune, tana da uban daba da sarkin ɓarayi. Amma ɓarawon zaune kaya yake karɓa, uban daba kuma shugabanci yake yi, babu ɗaya daga cikinsu da ma'anarta ta tsaya a kan koyar da ƙaramin yaro. Karin maganarmu ta san illar cuɗanya, shi ya sa aka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, aka kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai maɗaukin kanwa bai yi niyyar shafa wa kowa fari ba, shi kuwa Fagin da niyya yake tanƙwara iccen zuwa inda yake so.

Wannan giɓi ba batun nahawu ba ne kaɗai ga mutumin Mabai da sauran garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda suka yi shekaru suna fama da satar shanu da garkuwa da mutane. A daren 11 ga watan Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai zuwa daji, aka sako 344 daga cikinsu a ranar 17 ga watan. Wanda ya jagoranci harin, Auwalun Daudawa, ya ajiye makami a Zamfara a farkon 2021, ya sake komawa daji, aka kashe shi a cikin shekarar. Duniya ta ji labarin yaran da aka sace daga makaranta, haka kuwa ya kamata. Amma akwai wasu yaran da ba a cika ƙidaya su ba, su ne waɗanda suke ɗaya ɓangaren. Mutane da yawa da suka kuɓuta daga hannun 'yan bindiga sukan ba da labarin cewa ƙananan yara ne suke gadinsu, wasu ba su fi tsawon bindigar da ke rataye a kafaɗarsu da yawa ba.

Yaro ba ya wayar gari da sanin harbi. Akwai wanda ya fara ba shi abinci, ya aike shi sayen burodi ko man babur, ya ba shi kiwon shanun da aka sato, ya ɗanɗana masa ƙwaya, ya sa shi gadin waɗanda aka kama, kana ya fita da shi hari, inda daga nan komawa gida ta zama abin tsoro. Duk wanda ya karanta Oliver Twist zai gane waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Amma da wane suna muke kiran mai yin wannan aiki? Mukan ce kacalla, wanda asalinsa sarauta ce mai daraja a Barno, sai muka ɗaukaka shi ba tare da mun sani ba. Mabiyansa kuma mukan ce yaran wane. Kalmar yaro a Hausa tana nufin ƙarami, tana kuma nufin bara ko mabiyi ko da ya yi furfura, saboda haka ɗan shekara goma sha biyu yakan ɓace a cikin kalmar tare da ɗan shekara arba'in.

Shari'a ta fi harshenmu rarrabewa a nan. A Musulunci ba a rubuta wa yaro laifi sai ya balaga. Dokar manyan laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba, da kuma wanda bai kai 12 ba idan hankalinsa bai kai ga gane abin da ya aikata ba, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya zuga. Amma jama'a da harshe suke hukunci kafin alƙali ya zauna. Abin da ba shi da suna yakan kuɓuce wa zance, abin da ya kuɓuce wa zance kuwa da wuya a neme shi. Sai a kama yaro da bindiga a huce a kansa, malaminsa yana can yana tarbar wani sabon ɗalibi.

A nan ne kuma wasiƙar Eliza Davis take da amfani gare mu. Da yake ba mu da sunan da ya tsaya a kan aikin, sai da yawa daga cikinmu suka cike giɓin da sunan ƙabila, suka mai da kalmar Fulani tamkar sunan laifin. Alhali Fulani makiyaya suna cikin waɗanda aka fara kwashe wa shanu, kuma a cikin masu kai wa 'yan bindiga rahoto da kayan masarufi akwai mazauna gari waɗanda ba Fulani ba. Kisan da wasu 'yan sa-kai suka yi wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ya bar marayu masu ɗaci a zuciya, irin waɗanda mai neman ɗalibai ya fi so. Ke nan sunan da aka ɗora wa ƙabila yakan ƙara wa makarantar laifi ɗalibai.

Kammalawa

Mun ga cewa sunan Fagin ya shiga ƙamus ne domin ya tarar da giɓi, ya zo fanko, an nuna sana'arsa a fili, an kuma yi ta maimaita shi. Mun ga adabin Hausa ya san irin wannan mutum tun zamanin Jiki Magayi, amma bai raɗa masa sunan da zai iya fita daga littafi ba. Kwamitocin ƙirƙirar kalmomi suna iya ba mu sunan na'ura ko na wani fannin ilimi, amma irin wannan kalma ba a zama a yanke ta, labari ne yake haifarta, jama'a su yi renonta.

Saboda haka aikin yana wuyan marubutan zube da na wasan kwaikwayo da masu shirya fim, waɗanda a yau suke da masu karatu da masu kallo fiye da yadda Tafida da East suka taɓa samu. Wanda zai ɗauki wannan aiki ya kamata ya ba tauraronsa sunan yanka nasa na kansa, ya nuna shi yadda yake zuwa wa yaro, da fara'a da tuwo, ba da siffar dodo ba, domin da dodo ne da yaro ya gudu. Ya kamata kuma ya nuna yunwar da ta kora yaron zuwa ƙofarsa, da wanda yake cin ribar abin daga nesa, ya kuma tsare alƙalaminsa daga kuskuren da Dickens ya yi na liƙa laifin a goshin ƙabila. Ga 'yan'uwa ɗalibai kuwa, akwai filin bincike a buɗe: a bi ƙagaggun labaran Hausa tun daga 1933, da tatsuniyoyi da finafinai, a tattara taurarin da suke koya wa yara ɓarna, a ga yadda aka sifanta su da irin sunayen da aka ba su, da kuma ko akwai wanda ya fara shiga bakin jama'a a wani yanki ba mu lura ba.